Saƙon Garkuwar Jiki Zuwa ga Hanta: Kumburi da Furotin na Gaggawa a Kwarin Rima

1.0 GABATARWA

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda garkuwar jikin ɗan Adam take aika wa hanta saƙo idan cuta ta shiga jiki, da kuma yadda hanta take amsa wannan saƙo ta hanyar sauya ire-iren furotin da take zubawa cikin jini. Za mu ɗora bayaninmu a kan ƙasar Kabi, watau Ambursa da Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan da ke bakin fadamar Rima, inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe da zama abokin zaman jama'a. Tambayar da muke son amsawa ita ce: idan aka ɗebi jinin yaro a wannan yanki aka auna domin a san ko yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe, ko na bitamin A, shin awon abincin da yaron yake ci yake nunawa, ko kuwa faɗan da jikinsa yake yi da cuta? Amsar da aka ba wannan tambaya ita ce za ta sa a ba yaro magani ko a hana shi.

Kafin mu yi nisa, wajibi ne mu daidaita kalmomi biyu. Ga Bahaushe, kumburi shi ne tashin da wata gaɓa take yi har ido ya gani, kamar na maruru ko na targaɗe. A nan mun faɗaɗa ma'anar kalmar ta ƙunshi duk wani martani da jiki yake mayarwa ga rauni ko ƙwayar cuta, ko da babu abin da ya tashi a fata. Furotin na gaggawa kuwa su ne waɗanda yawansu a cikin ruwan jini yake hawa ko sauka da aƙalla kashi 25 cikin ɗari sa'ad da irin wannan kumburi ya auku. Galibinsu hanta ce take ƙera su.

2.0 AMBURSA DA ZAZZAƁIN CIZON SAURO

Ambursa gari ne da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, kuma sunansa ya shiga tarihin binciken zazzaɓi tun zamanin Turawa. A shekarar 1954 aka soma wani shiri na gwaji a yammacin Lardin Sakkwato, inda aka riƙa fesa maganin sauro a bangon ɗakunan kwana, aka yi amfani da magunguna iri uku, cikinsu har da DDT da wani mai suna dildirin. Ba a daɗe ba, a 1955, sai aka tarar sauron Anopheles gambiae na yankin Ambursa ya daina mutuwa da dildirin. Aka kai irinsa Landan, inda George Davidson ya nuna a 1956 cewa wannan taurin gadonsa ake yi, daga sauro zuwa 'ya'yansa. Wannan na daga cikin abubuwan da suka nuna tun da wuri cewa feshi kaɗai ba zai kawar da zazzaɓi daga ƙasashenmu ba.

Fadamar da take ba Kabawa shinkafa da kifi ita ce kuma take ba sauro wurin hayayyafa. Ruwan da gulbi yake bari bayan ambaliyar damina, da na fakon shinkafa a noman rani, duk matattara ce gare shi. Binciken ƙasa da aka yi a 2015 ya sami ƙwayar zazzaɓi a jinin kashi 64 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi 'yan wata 6 zuwa 59. A 2018 adadin ya zama kashi 52, a 2021 kuma kashi 49, alhali na Nijeriya baki ɗaya a wannan shekara kashi 22 ne. A dukan waɗannan bincike uku Kebbi ce kan gaba, kuma tana ɗaya daga cikin jihohi biyu da aka fara ba yara allurar rigakafin zazzaɓi ta R21 a watan Disamba na 2024, ɗayar ita ce Bayelsa.

Abin lura shi ne, waɗannan yara a gidajensu aka same su, da yawansu suna wasa, jikinsu ba zafi. Ke nan a yankin da kusan rabin yara suke ɗauke da ƙwayar cuta, ga kuma gudawa da ciwon haƙarƙari da tsargiya da ake ɗauka wajen wanka da su a ruwan gulbi, kumburin da ido ba ya gani ya zama ruwan dare.

3.0 YADDA SAƘON YAKE TASHI

Ƙwayar zazzaɓi mai suna Plasmodium falciparum takan shiga jan ƙwayar jini ta hayayyafa a ciki, bayan kimanin sa'a 48 ta fasa ta ta fito. Fashewar takan watsa tarkace cikin jini: ɓaraguzan jikin ƙwayar cutar, da baƙin gurbin da take bari bayan ta cinye himogulobin, watau jan sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. A cikin saifa da hanta da jini akwai wasu fararen ƙwayoyi masu haɗiye baƙin abu, waɗanda za mu kira mahaɗiya. A jikinsu akwai makarɓai da suke gane siffar da ƙwayoyin cuta suke da ita, wadda jikin mutum ba shi da irinta. Jules Hoffmann ya gano aikin irin waɗannan makarɓai a jikin ƙuda a 1996, Bruce Beutler kuma ya nuna shi a jikin ɓera a 1998, aka ba su kyautar Nobel a 2011.

Da zarar mahaɗiya sun gane baƙo, sai su saki wasu ƙananan furotin da ake kira sitokin. Mu za mu kira su 'yan aike, don kuwa aikinsu ke nan, kai saƙo daga inda faɗa ya tashi zuwa sauran sassan jiki. Uku daga cikinsu su ne manya a wannan fage: TNF, da IL-1, da IL-6. Biyun farko sukan riga fita, su kuma zuga wasu ƙwayoyin su ƙara sakin na ukun.

Kowace gaɓa da irin amsar da take ba waɗannan 'yan aike. A ƙwaƙwalwa sukan sa a ɗaga ma'aunin zafin jiki, shi ne majinyaci yake jin sanyi yana makyarkyata kafin zafi ya rufe shi. Su ne kuma suke kawo kasala da barci da ƙin abinci. A ɓargo sukan sa a ƙara fitar da fararen ƙwayoyi. A tsoka sukan sa a rushe nama a aika da kayan gininsa zuwa hanta, wannan na daga cikin dalilan da suke sa yaro ya zube cikin 'yan kwanaki idan ya kwanta ciwo. Hausawa sun ce jiki magayi, to duk waɗannan alamu da uwa take gani saƙo ɗaya ne ya haife su.

A hanta, IL-6 ce uwa uba. Toshio Hirano da Tadamitsu Kishimoto na Jami'ar Osaka a Japan su suka tantance ta a 1986, a 1987 kuma Jack Gauldie da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa ita ce abin nan da aka daɗe ana nema mai zaburar da hanta. Idan ta iso, takan manne wa makarɓinta a bayan tantanin hanta. Wannan mannewa takan tayar da wani sinadari a ciki mai suna JAK, shi kuma ya tayar da wani mai suna STAT3, wanda yake shiga cibiyar tantanin ya buɗe ƙwayoyin gado da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin na gaggawa. IL-1 da TNF suna da tasu hanyar, suna kuma ƙarfafa aikin IL-6 a kan wasu furotin. Hujja a kan matsayin IL-6 ta fito fili daga wani magani mai suna tocilizumab da ake ba masu ciwon sanyin gaɓoɓi, wanda yake toshe makarɓinta: mai shan sa furotinsa na CRP yakan faɗi ƙasa warwas, har ma yana iya kamuwa da wata cuta awon bai nuna ba.

Har wa yau, jiki yana da linzamin da yake ja. STAT3 ɗin nan da kansa yakan sa a ƙera wani furotin mai suna SOCS3 da yake katse saƙon. Akwai kuma 'yar aike mai suna IL-10 mai kwantar da tarzoma, da sinadarin kotisol da yake fitowa daga wata 'yar gaɓa a bisa ƙoda, wanda yake taimakon hanta wajen amsa saƙo, yake kuma rage yawan 'yan aiken da ake saki. Saboda haka idan aka kashe cutar, saƙo yakan ɗauke, hanta ta koma aikinta na kullum. Idan kuwa cutar ta zauna, ko ta riƙa dawowa kamar yadda zazzaɓi yake yi a damina da kaka, hanta ba ta samun sararin komawa daidai.

4.0 AMSAR HANTA

Furotin na farko da aka gano a wannan rukuni shi ne CRP. William Tillett da Thomas Francis suka same shi a 1930 a Cibiyar Rockefeller da ke Niyok ta Amurka, a jinin masu ciwon haƙarƙari: yana nan da yawa lokacin da ciwo ya tsananta, yana ɓacewa idan an sami sauƙi. A jinin mai lafiya yawanci bai wuce 'yan miligiram kaɗan ba a kowace lita. Idan saƙo ya iso, yakan fara hawa cikin kimanin sa'a 6, ya kai ƙololuwa wajen sa'a 48, yana kuma iya ninkawa sau dubu. Rabin abin da ke cikin jini yakan gushe duk bayan kimanin sa'a 19, don haka da hanta ta daina ƙera shi sai ya sauka da sauri. Aikinsa shi ne manne wa ƙwayoyin cuta da matattun tantani, ya zama musu tambari, domin mahaɗiya su gane su su kwashe.

Na biyu shi ne AGP, wanda tafiyar hawainiya yake yi. Sai bayan kwana huɗu ko biyar yake kai ƙololuwa, ninki biyu zuwa biyar kawai yake yi, amma yakan daɗe a sama bayan CRP ya sauka. Sai fibrinojin, mai sa jini ya daskare ya toshe rauni. Idan ya yi yawa yakan sa jajayen ƙwayoyi su manne wa juna su nutse da sauri a cikin bututun gilashi, wannan shi ne asalin tsohon awon nan na ESR da har yanzu ake yi a ɗakunan gwaji na asibitocinmu.

Haftogulobin yana da darasi na musamman gare mu. Aikinsa shi ne kama himogulobin da ya zube daga fasassun ƙwayoyi, ya kai shi a kwashe, kada ya lalata ƙoda. A yawancin cututtuka yakan hau. Amma a zazzaɓin cizon sauro jajayen ƙwayoyi suna fashewa da yawa, har akan cinye shi fiye da yadda hanta take iya mayarwa, sai a ga ya ragu ko ya ƙare ƙat. A 1958 Anthony Allison da abokansa suka ba da rahoton cewa 'yan Nijeriya da yawa da suka auna ba su da shi a jininsu. Daga baya bincike a wasu ƙasashen Afirka ya nuna cewa mafi yawan wannan rashi zazzaɓi ne sanadinsa, don kuwa yakan dawo idan aka kashe ƙwayar cutar. Ashe abin da awo yake nunawa ragowa ce tsakanin abin da hanta ta ƙera da abin da jiki ya kashe.

Akwai kuma waɗanda suke sauka. Albumin, wanda ya fi kowane furotin yawa a ruwan jini, yakan ragu saboda hanta ta rage ƙera shi, kuma saboda yana tsiyaya ta bangon ƙananan jijiyoyin jini da kumburi ya sassauta. Haka ma taransfarin mai dakon ƙarfe, da RBP mai dakon bitamin A. Idan ɗan dako ya ragu, kayan da yake ɗauka ma sai su ragu a cikin jini, ko da rumbun hanta cike yake.

5.0 HEFSIDIN DA ƁOYE ƘARFE

Ƙwayoyin cuta suna bukatar ƙarfe don su hayayyafa, kamar yadda ɓargo yake bukatarsa don ya yi jini. Tun da daɗewa likitoci sun lura ƙarfen da ke yawo a jini yakan faɗi da zarar ciwo ya kama mutum, amma ba a san mai ba da umarnin ba sai a tsakanin 2000 da 2001, da aka gano wani ɗan ƙaramin furotin na hanta mai suna hefsidin. A 2004 Elizabeta Nemeth da Tomas Ganz da abokan aikinsu suka nuna cewa IL-6 ce take sa hanta ta ƙara ƙera shi, suka kuma nuna yadda yake aiki. Ƙarfe ƙofa ɗaya gare shi ta fita daga tantani zuwa jini, sunanta ferofotin, hefsidin kuwa rushe wannan ƙofa yake yi. Da ya yawaita, sai hanji ya rage tsotso ƙarfe daga abinci, mahaɗiya kuma su riƙe wanda suka samo daga tsofaffin jajayen ƙwayoyi. Ana tara shi a cikin feritin, wanda shi ne rumbun ƙarfe.

Na ɗan lokaci wannan dabara kariya ce. A 1975 wani likita mai suna Murray da iyalinsa suka ba da rahoton abin da suka gani a wani asibiti a gabashin Nijar lokacin farin Sahel: mutanen da yunwa ta galabaitar, da aka fara ba su abinci ƙarfen jininsu ya hau, sai zazzaɓi ya riƙa tashi musu bayan 'yan kwanaki. A 2006 aka buga sakamakon wani babban gwaji a tsibirin Femba na Tanzaniya, mai ɗauke da yara fiye da 24,000, wanda aka dakatar da wani sashensa saboda yaran da ake ba ƙarfe kullum sun fi sauran kwanciya asibiti ko mutuwa da kimanin kashi 12 cikin ɗari.

Idan kumburi ya daɗe kuwa, kariyar kan koma illa. Ɓargo yakan rasa ƙarfe alhali yana nan a kulle, sai ƙarancin jini ya biyo baya. Wani bincike da aka yi a kan matan Jamhuriyar Benin, aka buga a 2010, ya nuna masu ɗauke da ƙwayar zazzaɓi ba tare da zafin jiki ba kimanin kashi 10 cikin ɗari na ƙarfen abinci suke tsotsa, bayan an yi musu magani kuwa ya kai kusan kashi 18. Daɗin daɗawa, kumburi mai daɗewa yana rage wani sinadarin girma mai suna IGF-1 da hanta take ƙerawa. Binciken ƙasa na 2018 ya sami tsumburewa a kashi 66 cikin ɗari na yaran Kebbi, mafi yawa a Nijeriya, don haka duk mai neman dalilan wannan lalle ya dubi cuta tare da abinci.

6.0 YADDA KUMBURI YAKE RIKITA AWO

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu ta farko. Feritin na cikin jini shi ake aunawa a san yawan ƙarfen da ke ajiye, kuma ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, ƙasa da maikirogiram 12 a lita ana ɗaukarsa ƙaranci. Sai dai feritin shi ma kumburi yana ɗaga shi. David Thurnham da abokan aikinsa sun kasa mutane kashi huɗu ta hanyar auna CRP da AGP tare, suna ɗaukar CRP sama da miligiram 5 a lita da AGP sama da giram 1 a lita a matsayin alamar kumburi. Wanda duka biyu ba su hau ba, lafiya lau yake. Wanda CRP kaɗai ya hau, ciwo yanzu ya fara. Wanda duka biyu suka hau, yana farkon murmurewa. Wanda AGP kaɗai ya rage, yana ƙarshen murmurewa. A nazarin da suka buga a 2010 sun sami feritin yana hawa da kimanin kashi 30 a mataki na biyu, kashi 90 a na uku, kashi 36 a na huɗu.

Alal misali, a ce yaro ne daga Ambursa aka auna shi a watan Oktoba, mako guda bayan ya tashi daga zazzaɓi, aka sami feritin nasa 18. Wanda ya dubi wannan lamba kaɗai zai ce ƙarfensa ya isa. Idan aka tarar CRP da AGP duka sun hau, aka cire ƙarin da kumburi ya yi, lambar za ta koma wajen tara da rabi, watau yaron yana da ƙaranci. Ga bitamin A kuwa kuskuren ta ɗaya gefen yake zuwa: RBP ya sauka, sai a zaci ƙaranci ya fi yadda yake a haƙiƙa. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa a riƙa auna alamun kumburi tare da feritin, kuma inda akwai kumburi a iya ɗaga iyakar zuwa 30 ga ƙananan yara, 70 ga waɗanda suka girme su. Wani shiri na ƙasa da ƙasa mai suna BRINDA ya fito da lissafi mafi zurfi na yin wannan gyara a 2017.

Shi kansa CRP yana da iyaka. Ruwa ba ya tsami banza, hawansa yana nuna lalle akwai abin da ke faruwa, amma ba ya faɗin mene ne. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi kamar yadda ciwon haƙarƙari ko sanƙarau suke yi. A wasu ƙasashen Asiya an yi amfani da shi an rage ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, amma a kwarin Rima ba za a iya fassara shi ba sai an haɗa da gwajin zazzaɓi da duban majinyaci.

7.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da shawarwari huɗu. Na ɗaya, duk binciken abinci mai gina jiki da za a yi a wannan yanki, a auna CRP da AGP da ƙwayar zazzaɓi tare da feritin da RBP, a kuma rubuta watan da aka ɗebi jinin, domin sakamakon kaka ba zai zo daidai da na bazara ba. Na biyu, yaron da yake cikin zazzaɓi a fara kashe cutar kafin a ba shi ƙarfe, tun da hefsidin ya riga ya rufe ƙofar hanji. Na uku, shirin raba ƙarfe ga yara ya tafi tare da gidan sauro da maganin rigakafi na damina da gwaji da magani, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada a 2016. Hana ƙarfe baki ɗaya ba mafita ba ce, ganin cewa a 2018 kashi 68 cikin ɗari na ƙananan yaran Nijeriya suna da ƙarancin jini. Na huɗu, malaman da ke koyar da ma'aikatan lafiya a Birnin Kebbi da Argungu da Sakkwato su koyar da wannan fanni da harshen da za a yi wa iyaye bayani da shi. Kalmomin da muka kawo a nan, irin su mahaɗiya da 'yan aike da furotin na gaggawa, mun miƙa su ga mahalarta wannan taro domin a tace su, a gyara wadda ta karkace.